Lagwani Daga Kasuwa Zuwa Kasuwa

Ku ƴan istaj na bana, masu koyon aikin jinya, masu fararen riguna da har yanzu ƙamshin guga bai bar su ba, na ji abin da kuke faɗa a ƙarƙashin itacen bedin bakin ƙofa. Kun ce ɗakin pansama shi ne wurin hutu a gidan likita: a wanke ciwo, a shafa magani, a ɗaure, a ce Allah ya sawwaƙe. Dogon nan na cikinku, mai agogo kamar faranti, har cewa ya yi kakarsa ma za ta iya. To, a gaishe min da kakar. Na zaɓi in rubuta muku ne saboda bakina ba ya fitar da magana sai ya yi mata ado, ku kuma sai ku kwashe adon ku bar maganar a ƙasa. Akwai wani mai shayar da raƙuma da ake kira Agali, wanda ya zo hannuna da maruru ɗaya tak. Labarinsa nake so ku riƙe. Sai dai kafin shi, ya kamata ku san inda hannun nan ya koyi aiki.

Aikin farko da aka ba ni a duniya cizon jaki ne. Wani manomin hatsi ne daga wajen Bader Goula, jakinsa ya kama shi a damtse ya ɗaga shi sama ya jijjiga, kamar yana tambayarsa inda ya kai ƙaiƙayin bara. Ina ɗan shekara ashirin da ɗaya lokacin, a ƙarƙashin Majar Tanko, shugaban gidan likitan da na yi istaj. Majar Tanko gajere ne, in ya tsaya bayan tebur gashin bakinsa kaɗai ake gani, amma in ya yi tsawa har awakin kasuwa sai sun daina tuƙa. Na ɗauko auduga zan rufe cizon nan, ya buge min hannu da bayan almakashi.

"Mi za ka rufe? Ka gani cikinsa?"

"Na gani, Majar."

"Ƙarya kake. Jini ka gani. Wanke har ka ga nama, sannan ka sa hanci."

Na wanke, na sa hanci. Tun daga ranar hancina ya shiga aikin gwamnati, kuma har yau ba a biya shi ko dala ba. Ciwo yana da wari iri-iri, kuma a wurin Majar Tanko na koyi rarrabe su. Na koyi dafa kayan aiki a tukunyar ƙarfe mai murfin dunƙule, wadda in ta fara huci sai mu duka mu koma bakin ƙofa muna salati. Na koyi cewa pens, wato hantsakin aiki, biyu ake riƙewa, ɗaya ta ɗauko mai tsabta, ɗaya ta taɓa ciwo, kuma ba sa gaisawa har abada. Na koyi riƙe kwanon nan mai siffar wake a ƙarƙashin maruru, da yadda ake kauce wa abin da zai fito, don na taɓa ganin maruru ya harbi bango ya kashe ƙadangare. Na ji, ba ku yarda ba. Ƙadangaren dai ya faɗo.

Sai lagwani. A takardunku mesh aka rubuta, mutanen gari kuwa lagwani suke cewa, don kamar na fitila yake: siririn ƙyallen kwampiras da ake cusawa cikin ramin maruru bayan an fasa, don bakin kada ya rufe ruwan ya taru. Haka ake cusa shi a hanci in haɓo ya ƙi tsayawa. Majar Tanko yana da doka a kansa.

"Lagwani kwana biyu. In ya kwana uku a jikin mutum, ni da kai ne."

"Don mi, Majar?"

"Don na ce."

Iyakar bayanin da na samu ke nan. Ban ga laifinsa ba, ina jin shi ma haka aka ba shi. Amma doka in an ba ka ita babu dalili, ranar da ka ga ta takura maka za ka ajiye ta, ni kuwa na ajiye.

Wani tsohon Bafillace ne ya fara sa ni tunanin ajiye ta. An tura ni wani gidan likita na ƙauye a arewa da Dakoro, kan hanyar Tagriss, inda ni ne majar, ni ne mai allura, ni ne mai shara in mai sharar ya tafi biki. Kwana shida wurin shiru, har kana jin numfashin ƙuda. Ranar kasuwa kuwa sai daji ya zazzage mutanensa a bakin ƙofata. Tsohon nan ya zo da maruru a ƙeya mai girman gwanda. Na fasa, na wanke, na sa lagwani, na ce masa jibi ya dawo. Ya dube ni kamar na ce ya kawo min wata a cikin ƙwarya.

"Jibi? Ɗana, yini guda nika tahiya kafin in iso nan. In na dawo jibi, kai za ka ja ma shanu ruwa?"

Bai dawo jibi ba. Ya dawo kasuwa ta gaba, ya zare lagwanin da ƙayar aduwa tun a daji, ya cika ramin da toka da kashin shanu. Wata guda na yi ina gyaran abin da ya yi. Haka na biyu ya yi, haka na goma. Wanda ka ce wa jibi, sai ya ji a ransa cewa jibi ɗin ta wuce, to bari ya yi wa kansa. Sai na zauna na yi hikima, irin hikimar da in ta zo wa mutum yake jin ya fi malamansa. Na ce tunda kasuwa ce ke kawo su, kasuwa za ta riƙa cire musu lagwani. Na riƙa cusa shi da kyau, in ɗaure da bandeji mai kauri har raƙumi ba zai iya kwance shi da haƙori ba, in kama kunnen mutum in ce, "Kada ka taɓa, kada matarka ta taɓa, kada bokan garinku ya ko kalle shi. Sai kasuwa mai zuwa."

Kuma abin ya yi. Wannan shi ne abin takaicin, ya yi. Shekara da shekaru mutane suna tafiya da lagwanina kwana bakwai, su dawo in zare, ramin ya yi ja ya fara cikowa. Marurun da na fasa a wurin nan in an jera su sun kai Maradi sun dawo. Sunana ya zagaya rijiyoyi. Ana cewa majar na wurin kaza ya san makiyayi, ba ya wahalar da mutum da zirga-zirga. Ƴan istaj da ake turo min duk na koya musu, ina bugun ƙirji. Na kan ce musu abin da ke cikin littafi an rubuta shi ne don mutanen birni masu moto, nan daji kasuwa zuwa kasuwa muke yi. Cikinsu wadda ta fi kowa kama aiki ita ce Rabi, wata ƴar Dakoro mai hannu kamar na maɗinkiya, ba ta mantuwa, abin da ka faɗa mata sau ɗaya ya zauna ke nan. Ta gama, ta samu aiki, aka tura ta can gaba.

Sai muguwar shekara ta zo. Bazara ta yi tsawo har muka manta kalar girgije. Rijiyoyi suka ja baya, ruwan da za a sha ma da ƙyar, balle na wanka. Zufa da ƙura da igiyar guga suka haɗu suka haifar da maruru ko'ina, gida guda sai ka samu mutum biyar. A wata kasuwa cikin wannan zafi, wasu ƴan'uwa biyu suka shigo min, Attahir da ƙanensa Agali. Raƙuman mutane suke shayarwa a wata rijiya mai zurfi, tafiyar rabin yini daga wurina. Tabarma ɗaya suke kwana, rawani ma musanya suke yi. Kowanne da maruru a hammatar dama, wuri ɗaya, kamar sun saya a shago guda.

Attahir babba ne, mai surutu, Hausarsa ta fi tawa gudu. Agali bai wuce ashirin da biyu ba, dogo, siriri, ba ya magana sai murmushi ta saman amawali.

"Majar," in ji Attahir, "fara da yaron ga. In ya mutu sai in fasa."

"Da kai zan fara, tsoho. Naka ya fi nuna, har ƙudaje sun kafa layi."

Na fasa na Attahir, ya yi ihun da ya sa wata akuya ta haihu a kasuwa ba lokacinta ba. Na fasa na Agali, ko motsi bai yi ba. Nasa ma ƙarami ne, bai kai ƙwan zabo ba. Wuƙa iri ɗaya, wanki iri ɗaya, lagwani daga gwangwani ɗaya. Na ɗaure su, na kama kunnuwansu, na ce sai kasuwa mai zuwa. Suka tafi Attahir yana zagin wuƙata.

Kwana huɗu bayan nan, rana tsaka, amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Attahir ne ke kora, da bandejinsa lafiya lau, Agali kwance a baya an rufa masa zane. Jikinsa zafi kamar murfin tukunya. Tun jiya yake amai da zawo, in ji Attahir, yau da safe kuma ya fara kiran raƙuman da suka mutu tun yana yaro. Na buɗe idonsa, jajir kamar an zuba barkono. Harshensa ja. Tafin hannunsa ja. A fatar irin tamu ba ka ganin jan da littafi ke faɗa sai ka duba irin waɗannan wurare, ni kuwa a ranar ban san me nake dubawa ba. Na ce zazzaɓin sauro ne, don a ƙasar nan ko mota ta buge mutum sai mun fara cewa zazzaɓin sauro ne. Na yi tes na jini, bai nuna komai ba. Na ce tes ɗin ne ya lalace da zafi, na yi masa allurar zazzaɓin duk da haka. Na ɗaura abin awon tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, na matsa, na saurara, na sake matsawa. Abin da na ji bai isa ya riƙe kaza a tsaye ba. Na nemi jijiya in sa sarum, ruwan ƙari, jijiyoyin duk sun gudu, sai a ƙafa na samu ɗaya da ƙyar.

Hammatar kuwa na kalle ta. Bandejin fari tas, babu kumburi, babu wari, hancin nan nawa mai digiri bai ji komai ba. Na ce a raina wannan ba daga aikina ba ne. Na bar shi a ɗaure.

Na kira Dakoro in nemi ambilas. Wata lokotoro ce, wato likita, ta ɗauka, mace, ba ta daɗe da zuwa ba, muryarta kamar ta ƴar makarantar lakwal. Na jero mata abin da na gani. Sai ta ce:

"Majar, akwai wani abu a cikin jikinsa? Ciwo, ƙuna, wani abin da aka cusa?"

"Ɗan maruru ne na fasa masa, amma lafiya lau yake, ko ruwa ba ya yi."

"Da mesh a ciki?"

"Da shi."

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Wa ya bar shi kwana huɗu?"

Ba ta jira in amsa ba.

"Cire shi yanzu, ina riƙe da waya. Wanke ramin. Buɗe sarum ɗin gaba ɗaya, ka sa na biyu. Wane maganin ƙwayoyin cuta gare ka na allura?"

Na zare lagwanin. Ɗan ƙyalle ne da bai kai ɗan yatsana ba, da ɗan ruwa-ruwa a jikinsa, ko mugunya ta kirki babu. Na riƙe shi da pens ina kallo. Abin da ya kayar da mutumin da ke jan guga daga rijiya mai gaba sittin ke nan.

Ambilas ta iso da la'asar. Agali ya yi sati uku a Dakoro. Kwanaki na farko fitsari ya ɗauke masa, aka yi ta zuba masa ruwa har na ce ya sha rabon rijiyarsu na shekara. Ya tashi. Da na je duba shi a sati na biyu, fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa tana saɓulewa falle-falle, Attahir yana zaune yana ɓare masa yana cewa ga shi an yi masa sabon hannu kyauta, da ma tsohon ba ya aiki.

Lokotoron nan ta kira ni ofishinta. Ba ta yi min tsawa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce sunan abin shok toksik. Ƙwayar cutar da ke kawo maruru, wani irinta yana fitar da dafi. In ta samu wuri rufaffe mai ɗumi, da ƙyalle ya jiƙe ya daɗe, sai ta zauna ta yi ta zuba dafin cikin jini, alhali ciwon kansa a ido bai nuna komai ba. Dafin nan yana haukata garkuwar jiki, ta tashi gaba ɗaya ta rufe mai ita da duka, jijiyoyi su saki, tansiyo ya faɗi, ƙoda ta tsaya.

"To don mi Attahir bai yi ba?" na ce. "Rana ɗaya, gwangwani ɗaya. Ga ɗaruruwan da na yi wa a baya."

Ta ce mafi yawan manya sun taɓa haɗuwa da dafin nan kaɗan-kaɗan tun suna yara, ba su ma sani ba, jininsu ya ƙera sojojin da suka san shi, in ya shigo su kama shi tun a ƙofa. Amma akwai waɗanda jininsu bai ƙera ba. Ba ka gane su a fuska, ba ramammu ba ne, ba masu yawan ciwo ba ne. Ƙananan yara da yawa suna ciki, shi ya sa ƴar ƙunar ruwan zafi kan kashe yaro a rasa dalili. Mata masu jego da masu al'ada da ke cusa ƙyalle su bar shi su ma abin kan same su.

"Ɗaruruwanka jininsu ne ya yi maka aiki, Majar, ba dabararka ba. Ba mu da abin auna wannan a nan, amma wanda ya faɗi, ya nuna maka da kansa. Kuma ka ji wannan da kyau: wannan ciwo ba kamar ƙyanda ba ne da in ka yi sau ɗaya ka gama. Da yawa cikin waɗanda suka tashi, jininsu ko bayan haka ba ya ƙera sojojin. Zai iya dawo masa. Kada a sake cusa wa mutumin nan komai a bari."

Ta ce a manyan ƙasashe akwai garkuwar da ake tacewa daga jinin wasu a ɗura wa irinsa in ya faɗi. Na tambaye ta ko akwai a Maradi. Ta yi dariyar da ba ta dariya ba.

Ranar da aka sallame shi na samu takarda mai kauri, na rubuta da manyan baƙaƙe da Faransanci, yadda duk wani ma'aikacin likita zai karanta: wannan mutum ya yi shok toksik, kada a bar masa mesh a ciwo ko a hanci, in ya yi zazzaɓi da jan ido a kai shi babban gidan likita nan take. Na buga hatimi har biyu. Na miƙa wa Agali, na kama kunnensa yadda na saba.

"Ka ga takardar ga? Ranka ne. Kada ta rabu da jikinka, ko wanka za ka yi, ko barci."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a goshi. Attahir ya ce, "Majar, har kabari da ita za shi."

Daga ranar na bar kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ba zai iya dawowa jibi ba, ko ya kwana a rumfar bayan gidan likita, ko in fasa da faɗi in bar shi babu lagwani in koya wa matarsa wanki da ruwan gishiri dafaffe. Makiyaya suka ce majar ya lalace, ya zama ɗan birni. Wannan duk daidai ne.

Ga inda ba daidai ba. Duk ƙarshen wata mu majar-majar muna haɗuwa a Dakoro mu kai rahoto, mu ci nama, a yi hira. Ni ne mai hirar. Labarin Agali na ba da shi ya fi sau talatin. Yadda aka kawo shi ya riga ya sa ƙafa ɗaya a lahira, yadda na kamo ɗayar na ja, yadda na nemo jijiya a ƙafa da ido rufe. Kowane wata labarin yana ƙara ƙiba, har ya kai mala'ikan mutuwa ya fita ta taga yana ƙunƙuni. Ana dariya har da hawaye. Kwana huɗun nan kaɗai ne ba su taɓa shiga labarin ba. Kuma cikin duk waɗanda na koya wa dabarata, babu ko ɗaya da na ɗauki waya na ce masa ya bari. Lambobin yawancinsu suna cikin wayata.

Shekara uku bayan nan, an riga an dawo da ni nan Dakoro, ina ɗakin nan da kuke cewa na hutu, da hantsi, ina cire wa wani mahauci zare a yatsa, sai ga Attahir a bakin ƙofa. Ya tsufa fiye da shekara uku. Na ce, "A'a, tsoho, wace hammatar ce yau?" Ya jira na sallami mahaucin, ya zauna a benci, ya ce Agali ya rasu wata biyu da suka wuce.

Sun yi arewa da raƙuma neman ciyawa. Zafi ya sa wa Agali haɓo a bakin rijiya, jini ya ƙi tsayawa tun safe har azahar. Ranar kasuwar wani gari ce, wasu abokan aikinsu suka kai shi gidan likitan wurin, Attahir yana can wata rijiyar bai sani ba. Madam ɗin wurin, ma'aikaciyar jinyar, ta cusa masa lagwani a hanci, jinin ya tsaya, ta ce kada ya taɓa sai kasuwa mai zuwa. Shi a saninsa hammata ce ta taɓa kayar da shi, hanci kuwa wani abu ne daban. Ga shi kuma da takardarsa a wuya. Suka koma daji. Kwana na uku zazzaɓi da amai, ido ya yi ja. Da labari ya kai wa Attahir, aka ɗora Agali a raƙumi, sun yi rabin hanya ya cika.

Sai Attahir ya sa hannu a aljihu ya fito da laya. Jar fata, ɗinki mai kyau ƙwarai, an yi mata ado da koren zare, zufa ta sa ta yi baƙi a gefe.

"Ga takardarka, Majar. Tun satin da ka ba shi muka kai wa baduku ya ɗinke ta, don kada ruwa ya taɓa. Bai taɓa cire ta ba, wallahi, ni shaida ne. Waɗanda suka kai shi sun ce madam ɗin ma ta gan ta, ita ta matsar da ita gefe don kada jini ya ɓata ta." Ya juya ta a hannunsa. "Ban zo rigima ba, kwana ne ya ƙare. Amma ina so in sani. Ba ta yi aiki ba. Ko badukun ne ya ɗinke ta a juye?"

Na ɗauki wuƙar aiki na farke ɗinkin. Takardar ta fito a ninke, tsaf, hatimina biyu suna nan kamar jiya na buga. Na ce masa baduku bai yi kuskure ba. Na gaya masa takardar ta karantawa ce, kuma ni ne ban faɗa musu haka ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce in mayar masa da fatar, uwarsu za ta so ta. Na tambaye shi sunan garin da aka sa lagwanin. Da ya faɗa, ban buƙaci tambayar sunan madam ɗin ba.

Na kira ta a gabansa.

"Majar! Ina wuni? Kai da ka manta da mu."

"Rabi, wata biyu da suka wuce kin sa wa wani dogon makiyayi mesh a hanci?"

"Suna da yawa bana. Mai laya ja? Na tuna shi, bai ko dawo ba, na ce ya cire da kansa."

"Kwana nawa kika ce ya bar shi?"

"Kasuwa zuwa kasuwa mana. Ba haka ka koya mana ba? Ai ni har yau da dabararka nake aiki, mutane suna ta sa maka albarka. Ƴan istaj huɗu na koya wa. Lafiya dai, Majar?"

Na gaya mata duka, tun daga hammata har raƙumi, ba ado ko ɗaya. Wannan ne karo na farko da na ba da labarin Agali babu wanda ya yi dariya.

Ni da Rabi muka zauna muka lissafa. Mutum goma sha ɗaya na koya wa, ita huɗu, sauran kuma kowa da nasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ta waya, wasu na hau moto na same su. Wasu sun ce da ma ba su taɓa yarda da ni ba. Wani ya yi min gardama, ya ce shekara takwas yana yi ba abin da ya faru, na ce masa ni na yi goma sha biyu. Uku har yau ban same su ba. Ɗaya an ce ya yi wajen Tahoua, ɗaya ya bar aikin gwamnati ya buɗe nasa wurin a wani ƙauye, ɗayan ko sunansa na gaskiya ba mu tuna ba. Su ma ban san mutum nawa suka koya wa ba.

Nan da wata shida za a watsa ku cikin daji. Wata rana wani zai ja ku gefe, mai kirki, mai son makiyaya, ya ce ku bar abin da ke cikin littafi, nan kasuwa zuwa kasuwa ake yi, wani tsohon majar ne ya gano haka. Ku ce masa kun san majar ɗin, shi ya koya muku pansama, kuma ya ce a zare lagwanin yau. Sannan ku karɓo min lambarsa.